Binne Biyu a Kwanyawa

Bazarar bana ta zo da irin zafin da na sani. Iska ta tsaya cak, ganyen mangwaro ko motsi, ruwan randa ya yi ɗumi tun hantsi. A irin wannan rana na je Rogo Sabon Gari duba 'yata Rabi. Bayan layinsu akwai wani kango da aka zuba mutanen da suka gudo daga yamma saboda 'yan bindiga. Ina zaune ina fifita sai maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Maman Abba, ki hana yaranki zuwa kangon nan. An ce su suka zo da ciwon maƙogwaron da ake yi."

Rabi ta yi saurin dubana, don ta san halin uwarta. Na ajiye mafici na ce, "'Yar nan, wa ya ce?"

"Haka dai ake cewa, Iya."

"Yo ashe ‘ake cewa’ yana nan bai mutu ba? Ai tsohon sani ne, mun taɓa karawa da shi."

Ta yi dariyar yaƙe ta janye kanta. Ni kuwa ban ƙara jin abin da Rabi ke faɗa ba, hankalina ya riga ya koma Kwanyawa ta shekarun baya.

Ni ba 'yar nan ba ce, ko da yake yau in ban faɗa ba babu mai ganewa. Daga Damargu muka zo, can arewa da Damagaram, a shekarar babban fari, lokacin da sojoji suka rufe iyaka. Damina biyu muna shuka rana na ƙonewa. Rumbu ya ƙare, awaki suka ƙare, muka koma cin anza, wasu 'ya'yan itace masu ɗacin tsiya da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Da anzar ma ta gagara, maigidana Malam Illo ya ce mu bi ayari mu yi kudu. Abin da na ɗauko daga ɗakina bai wuce tukunya da tabarma ba, sai irin geron gonar babana, cikin tafin hannu biyu, na ƙulle a bakin zanen goyo. Yunwa ta sha raya mini in kwance ƙullin nan a hanya. Ban kwance ba, kuma kada a tambaye ni dalili, taurin kai ne kawai.

'Ya'ya biyu na fito da su, namiji ɗan fari da ƙanwarsa Habsu da ke bayana. Yaron da ƙafarsa ya yi tafiyar. Bayan mun wuce Matamaye muka sha ruwan wani tafki da ya kusa ƙafewa, cikinsa ya ɓare. Kafin mu kai iyaka ya cika. Maza suka ɗauke shi suka yi gefe da shi, suka haƙa ƙarƙashin wata aduwa, suka dawo suna kakkaɓe hannu, aka ce a tashi, don a cikin daji za a tsallaka kuma ba a son rana ta yi. Na buɗe baki zan yi kuka, wata tsohuwa a ayarin ta danne mini kafaɗa.

"Ke, ɗan fari ne fa. Ina kunyarki?"

Haka al'adarmu take. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya mutu ma ba ta nuna ta fi kowa jin ciwo. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "yaron nan". Na haɗiye kukan. Na yi ta waige ina son in riƙe kamannin itacen, amma dajin nan duk aduwa ce, wannan kamar waccan. Wallahi ko yau aka sa ni a mota aka kai ni, ba zan iya nuna wurin ba.

Mun iso Kwanyawa ana yankan dauro. Mu ba mu san dauro ba, wani hatsi ne da ake dasawa kamar albasa, shi ne ƙarshen shigowa gida. Wani Bafulatani mai noma da kiwo, Malam Buba, ya ɗauki Malam Illo aikin yankan, ya ba mu bukka a bayan garkensa. Shi ma ciwon shanu ya yi masa ɓarna shekarun da suka gabata, garken ya fi shanun yawa. Matarsa Goggo Dije, 'yar siririya mai faɗa da dariya a lokaci guda, ita ta fara ba Habsu kindirmo a ludayi. Yarinyar ta shanye ta lashe ludayin ta ƙi sakinsa, sai da aka bar mata shi.

Kai, ƙasar nan ta ba ni mamaki! Su ma suna kukan damina ba ta yi ba, amma ni ina ganin itatuwan ɗorawa da mangwaro da kara a tsaye, sai in ce a raina mutanen nan ba su san fari ba. 'Yan Faransa suke kiranmu, har yau akwai tsofaffin da ke ce mini Ta-Faransa. Da asuba in bi gidaje in yi surfe da daka, a ba ni dusa da tsaki. Da hantsi in je rijiya. Da rana mu zauna da Goggo Dije a inuwar rumbu muna ɓarar gyaɗar iri har yatsu su yi kanta. Malam Illo kuwa yana bin jakin Malam Buba da mangala, yana kai taki gona. Da yamma in dama tsakin nan da tsamiya, in an samu garin ɗorawa a kaɗa, mu sha mu gode wa Allah. Ba ƙoshi ba ne, amma ba anza ba ce.

Sai dai ni ban iso duka ba. Duk sanda na raba kunu sai in ga na zuba kashi huɗu. In na ji yaro ya kira uwarsa a bayan danga sai in amsa. Malam Illo ya ga haka ya yi shiru, ni ma na yi shiru, muka zauna a bukka ɗaya kowa da nasa.

Da bazara ta tsaya sai ciwo ya shigo gari. Yara ke zazzaɓi, ido ya yi ja, ƙuraje su feso, tari ya biyo baya. Ni ban san ana yi ba, don bukkarmu tana gefe. Ran nan ina rijiya ina jiran a ba ni guga, sai na ji mata suna magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ji baƙon dauro ya shiga gidan Malam Audu? Ya ɗauke yara biyu."

"Innalillahi! Tun da baƙon nan ya shigo garin nan ba a huta ba."

Jama'a, wane ne baƙon da ya zo lokacin dauro, ya yanki dauro, aka biya shi da dauro? Mijina! Na ji kaina ya yi zafi. Na dire tulu har ya tsage, na ɗaure zane, na shiga tsakiyarsu.

"Ƙarya kuke yi! Baƙon dauro bai taɓa shiga gidan kowa ba. Kullum yana bayan jaki yana kwasar muku kashin shanu. Yaran wa ya ɗauke? Ya kai su ina? Mu da muka rasa namu, me za mu yi da naku?"

Suka yi tsuru-tsuru suna kallona. Sai Goggo Dije, da isowarta ke nan, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ke Hajara, Allah ya shirye ki! Ciwo ne. Ƙyanda ce. Ba a kiran sunanta ne, sai a ce baƙon dauro. Ku me kuke ce mata?"

Ashe dussa suke nufi, haka muke kiranta a wajenmu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Mata suka yi ta dariya, wata har da tafi. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi dariya ba, surukar Malam Audu, wadda 'ya'yanta ne suka rasu. Ta ɗauki tulunta ta aza, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ai duk ɗaya ne. Tare suka zo."

Maganar nan ta fi ciwon saurin yaɗuwa. Kafin kasuwar Ƙaraye ta zagayo, gidajen da nake yi wa daka sun ce in dakata. Aka ce mu da sauran 'yan gudun fari irinmu da ke bukkoki wajen gari kada mu zo rijiya sai kowa ya gama, wato da tsakar rana, lokacin da ruwan ya koma laka kuma igiyar guga ke ƙona hannu. In na taho, uwaye su janye 'ya'yansu. Ban ga laifin tsoronsu ba, don gari ya rikice. Kowane gida an daina suya, an daina yi wa yara wanka, an rataya layu a ƙofa. Masu yin lamba, wato rigakafi, suka zo daga Ƙaraye a kan babur, wasu suka kai yara, wasu suka ɓoye nasu a rumbu. Kullum da hantsi sai ka ga maza sun wuce da ƙaramar tabarma a naɗe. Tsoro na gane shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mu muka ƙullo ciwon a zane muka kawo.

Habsu ita ce kusan ta ƙarshen kamuwa. Ku ji fa, ta ƙarshe. In da mu muka zo da shi, ai da ita zai fara. Jikinta ya yi zafi kamar murhu, idanunta suka manne, leɓenta ya tsattsage. Goggo Dije ta karya dokar gari ta shigo bukkarmu, tana ɗiga mata ruwan tsamiya da ludayin nan nata. Ƙurajen suka fito suka koma, sai numfashi ya dawo sama-sama. Wata ranar Laraba, ana kiran azahar, ta saki yatsana.

Wasu sun so a kai ta can bakin daji. Malam Buba kuwa ya rungume ta a tabarma ya nufi maƙabartar gari, Malam Illo da liman na biye. Mata ba sa zuwa, amma na tsaya a bakin danga ina kallo har suka shige ta gefen wata tsohuwar kuka. Na riƙe kukar nan da idona. A nan babu tsohuwar da za ta danne mini kafaɗa, kuma Habsu ba 'yar fari ba ce. Na yi kuka har muryata ta dushe, mata suna cewa Ta-Faransa ba ta da tawakkali. Ba su san na mutum biyu nake yi ba.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai rediyon Malam Buba ya faɗi cewa gwamnati ta ce duk baƙin da ba su da takarda su koma ƙasarsu. Lokacin Rogo ma tana ƙarƙashin Ƙaraye, daga can umarni ke zuwa. Mai unguwa ya aiko cewa ranar kasuwa akwai babbar mota a Ƙaraye da za ta kwashe mu zuwa iyaka. Mutanen gari da yawa suka ji daɗi, ga gwamnati ta yi musu abin da kunya ta hana su yi.

Malam Illo ya fara ɗaure tabarma. Ya rame, wuyansa duk jijiya.

"Hajara, ki haɗa kaya. Ƙasar mutane ce."

"Malam, mu koma mu ci me?"

"Allah na can."

"Allah na nan ma. Ni ba inda za ni."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, don ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce in ji tsoron Allah, hukuma ce. Na ce na ji.

Dama tun da rani Malam Buba ya taɓa nuna mana wata saura, gonar da aka daina nomawa, a bayan garke, ya ce in damina ta same mu a nan mu taɓa. Washegari da sassafe na ari sungumin Goggo Dije, na kwance ƙullin bakin zanen goyo. Geron nan ya sha gumina ya sha na 'ya'yana, amma yana nan garau. A wajenmu ba ma jiran ruwa. In lokaci ya yi sai mu shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira, ranar da ruwa ya sauka ya tashi. Binne muke kiransa. To amma can rairayi ne, nan kuwa jar ƙasa ce mai tauri, in na sara sungumi sai ya yi tsalle ya dawo mini har kafaɗa. Babu gajimare ko na rantsuwa a sama. Na yi ta sara ina jefawa ina takewa da diddige, gumi na shiga mini ido, cikina babu komai sai ruwan tsamiya.

Masu wucewa da jakuna suka tsaya kallo. Wani ya ce, "Baiwar Allah, zabi kike ciyarwa?" Wani ya ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Na ji su sarai, ko ɗagowa ban yi ba. Da rana ta take na gama, na mayar da sungumi, na wanke ƙafa, na yafa mayafi na nufi ƙofar gidan mai unguwa.

Zauren cike yake da maza, har da Malam Illo da Malam Buba, ana maganar motar. Mace ba ta shiga nan. Na shafa wa idona toka na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ya jama'a? Ya ƙarin haƙuri?"

Na yi masa gaisuwar ne don shi ma ciwon ya ɗauke masa jika. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya amsa, sannan ya ce, "Matar Illo ce ko? Lafiya?"

"Ranka ya daɗe, na zo in faɗa da bakina ne, kada a ji a wajen wani. Ba zan hau motar nan ba."

Wani ya ce, "Illo, ba ka iya da gidanka ne?" Mai unguwa ya ɗaga masa hannu.

"'Yata, ba ni na ce ba. Daga sama ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma na yi binne biyu a ƙasarku. Ɗaya yana bayan garken Malam Buba, yau na sa shi, in Allah ya kawo ruwa zai fito. Ɗayan yana gefen kuka, shi sai ranar tashi. Duka biyun zan jira. Na riga na bar Sahabi a hanya, ƙarƙashin itacen da ban san shi ba. Ba zan bar Habsu ba."

Sai da sunan ya fita na ji shi. Sahabi. Shekara shida yana duniya bakina bai taɓa furtawa ba, sai a zauren mutane, gaban maza baƙi. Malam Illo ya ɗago kai da sauri, sannan ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ko gezau, kunyar ta riga ta ƙare mini.

Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi. Can ya juya.

"Malam Buba, da gaske ta yi shuka a wajenka?"

"Ta yi, ranka ya daɗe. Ni na ba su wurin. Da idona na gani."

"Ba ruwa?"

"Ba ruwa."

Dattijon ya girgiza kai, kamar zai yi dariya kamar ba zai yi ba. Ya ce, "To, ni dai tun kakannina ban taɓa jin an tashi mai shuka bai cire amfaninsa ba. Baƙi aka ce in tura. Mai gona a ƙasa kuwa sai bayan kaka a yi maganarsa." Wani ya fara cewa ai wannan ba shuka ba ce, hauka ce. Mai unguwa ya ce, "In bai fito ba, ka zo ka tuna mini."

Ranar kasuwa motar ta tashi da sauran 'yan'uwanmu. Muka raka su bakin hanya, aka yi ta yafe juna. Ban sake jin labarin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga nan sai jira. Azumi ya kama, zafi ya ƙaru, miyau ya ƙafe a baki. Kullum da safe in je in kori zabi da kurciyoyi, in ga inda suka tone, in mayar da ƙasa. Wanda aka ce ya zo ya tuna kuwa kullum sai ya biyo ta wurin, ya leƙa, ya wuce. Har ran nan bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe jinkar bukkarmu, shanun Malam Buba suka ɗaga hanci suna kuka. Sai ƙamshin ƙasa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fita na tsaya a cikinsa da azumina, na datse leɓe kada ɗigo ya shiga, Goggo Dije na ƙwala mini kira daga ɗaki wai in shigo kada tsawa ta faɗa mini.

Kada in yi muku ƙarya, geron bai yi kyau ba. Ya fito jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa, rabi zabi sun cinye, sauran kuma ruwan ƙasar nan ya yi masa yawa. Abin da muka yanka bai kai dami uku ba, mutane suka yi ta yi mana tsiya. Amma ya fito, kuma an gani. Da kaka ta yi, ciwo ya wuce, maganar rediyo ta lafa, babu wanda ya sake tayar da zancen. Shekara ta zagayo muka shuka dawa irin ta mutanen gari. A nan na haifi Rabi da ƙannenta. Malam Illo yanzu yana kwance gefen kukar nan, kusa da 'yarsa. Surukar Malam Audu kuwa mun yi shekaru ba ma gaisawa, daga baya ita ta yi mini wankan jego na auta.

Har yau ina ware layi biyu a gonata in sa geron babana, don kada irin ya ɓace. Ranar da zan baro Rogo na bi ta kangon nan da ɗan ƙullinsa da na zo wa Rabi da shi, ko da Rabi na cewa in bari sai an ga yadda ciwon zai yi. Na tarar da wata yarinya zaune a inuwar bango, ba za ta wuce shekarun da nake da su a lokacin ba. Zanen goyo na ɗaure a ƙirjinta, bayanta babu kowa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na zauna kusa da ita a ƙasa, na ajiye ƙullin a cinyarta. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, na san an faɗa mata har ta gaji.

Na ce, "'Yata, ya sunansa?"